Gidan Attajirin da Ya Zama Makarantar Makafi-Kurame

Yaron da ya rasa gani yakan koyi karatu da kunne, wanda ya rasa ji kuma yakan koya da ido. To, yaya za a yi da wanda ya rasa duka biyun, kamar yadda sanƙarau ko ƙyanda kan iya yi wa yaro a Tsibiri ko Bakura? Hanyar da masana ke bi a yau ta samo tushe ne daga wata makaranta a birnin Boston na Amurka.

An kafa makarantar a shekarar 1829 domin makafi, kuma likita Samuel Gridley Howe ya fara koyarwa a 1832 a gidan mahaifinsa. A 1833 wani attajiri, Thomas Handasyd Perkins, wanda shi ma ganinsa ya fara rauni, ya ba da katafaren gidansa, amma bisa sharaɗin jama'a su tara dala 50,000. Aka kuwa tara. Ba za a ɓoye ba, wani ɓangare na dukiyarsa daga fataucin ƙwayar ofiyom zuwa ƙasar Sin ya fito. Sai dai sharaɗin nan ya sa mutanen gari suka ɗauki makarantar tasu ce. A 1839 ya amince a sayar da gidan a sayi wani tsohon otal mafi girma, makarantar kuma ta ɗauki sunansa.

Tana da wannan mazauni da asusu ne Howe ya karɓi Laura Bridgman a 1837, yarinya 'yar kimanin shekara takwas wadda zazzaɓi ya raba ta da gani da ji tun tana shekara biyu. Howe ya liƙa sunaye masu haruffa masu tudu a jikin cokali da mabuɗi, Laura tana shafawa. Daga baya ya raba suna da abu, ya bar ta ta haɗa su. Da farko kwaikwayo kawai take yi, har ranar da ta gane cewa kowane abu yana da suna. Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin: ƙwaƙwalwa ba ta damu da ƙofar da harshe ya shigo ba, tana iya karɓarsa ta fatar yatsu. Bayan haka ta koyi rubuta kalmomi da yatsu a tafin hannu.

Anne Sullivan, ɗalibar makarantar, ta zauna tare da Laura, kuma da wannan hanya ta fara koyar da Helen Keller a 1887. Mahaifiyar Helen ta san labarin Laura ne daga littafin da Charles Dickens ya wallafa a 1842.

A 1989 gidauniyar Conrad Hilton, mai otal-otal da ya rasu a 1979 ya bar mata mafi yawan dukiyarsa, ta fara bai wa makarantar Perkins kuɗi domin horar da malaman makafi-kurame a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.