Wayar Iyali A Amurka: Da Sunan Wa Aka Buɗe Asusun?

Yau filin namu zai leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda iyali sukan haɗa kuɗin wayar hannu wuri guda ko da ba gari ɗaya suke zaune ba. Kada wata ta ce ina ruwanta, domin a cikinmu akwai masu 'ya'ya ko ƙanne da ke karatu ko aure a can, kuma abin lura da ke ciki ya shafi wayar da ke hannunki yanzu haka.

Mu nan mun saba da sayen kati, in ya ƙare mu sake saye. A can kuwa mutane da yawa wata-wata suke biya, watau a yi ta magana, ƙarshen wata kamfani ya aiko da lissafi. Manyan kamfanoninsu, su Verizon da AT&T da T-Mobile, kowanne yana da tsarin iyali. Mutum ɗaya ne yake buɗe asusu da sunansa, sa'an nan ya jera layukan matarsa da 'ya'yansa, har da ƙanne ko abokai in ya so. Kowa da lambarsa, amma takardar biya ɗaya ce, kuma da zarar layuka sun ƙaru sai kuɗin kowane layi ya ragu. Kamar dai girkin gida ne: tukunya ɗaya ta mutum biyar ta fi tukwane biyar sauƙin itace.

To, ina batun wanda yake wani gari? Kowace lambar waya a Amurka tana farawa da lambobi 3 masu nuna yankin da aka ba da ita. Tun 1947 aka tsara haka, aka raba Amurka da Kanada yankuna 86, daga baya suka yi ta ƙaruwa. 202 ta Washinton ce, 312 ta Shikago, 404 kuma ta Atlanta. Iyayenmu za su tuna irin wannan a zamanin wayar tangaraho, lokacin da 064 take nuna Kano, 062 kuma Kaduna. A da kiran wani yanki yana da tsada, shi ya sa har yanzu wasu suke tsammanin ba za a haɗa lambobin yankuna dabam-dabam a asusu ɗaya ba. Ana haɗawa sarai. A yawancin tsare-tsaren yanzu kira a cikin ƙasar kuɗinsa ɗaya ne, kusa ko nesa. Maigida yana Atlanta da 404, 'yarsa tana jami'a a Shikago da 312, duk suna kan takarda ɗaya. Har wa yau, tun Nuwamba 2003 hukumar sadarwa ta ƙasar ta ba mai wayar hannu ikon barin kamfani ya koma wani da lambarsa, saboda haka ba sai 'yar ta jefar da tata ba kafin ta shiga asusun mahaifinta.

Abu ɗaya ne wurin zama yake canzawa, shi ne haraji. Dokar da suka yi a 2000 ta ce a caji harajin waya bisa ga adireshin da mai layi ya fi amfani da wayarsa, kuma kowace jiha da nata haraji. Don haka ya kamata a rubuta wa kowane layi adireshinsa na gaskiya. Kiran gaggawa na 911 kuwa yana zuwa ofishin da ke kula da inda mai kira yake tsaye ne, ko wace lamba ke gare shi.

Kun ga ke nan lambar yanki ba ta da matsala. Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da ke kan asusun. A wurin kamfani mai asusu shi ne mai layukan duka. In wata ta ƙi kawo nata kason, shi za a bi bashi, in kuwa shi ne bai biya ba, sai a yanke wa kowa layi, har wadda ta ba shi kuɗinta tun farkon wata. Yana iya ganin lambobin da kowane layi ya kira da lokacin da aka kira su. Wadda take son fita da lambarta kuma sai ya yarda ya ba ta lambar asusu da lambar sirri ta fita. In an ɗauki wayar kanta bashi ne ana biya kaɗan-kaɗan, ga wannan ma a kanta.

Amarya sabuwar zuwa ita ta fi shiga wannan hali. Kamfani yakan duba tarihin biyan bashi na mutum kafin ya buɗe masa asusun wata-wata, ita kuwa baƙuwa ba ta da shi, sai ta shiga na miji ko na dangi. Babu laifi a cikin haka, muddin ana zaman lafiya. Amma da wannan lamba banki ya san ta, da ita asibiti da makarantar yara suke nemanta, da ita uwarta take jin muryarta daga gida. Ranar da zama ya yi tsami, sai ga lambar a hannun wani. Abin ya kai har majalisar ƙasar ta yi doka mai suna Safe Connections Act, Shugaba Joe Biden ya sa mata hannu a Disamba 2022. Dokar ta tilasta wa kamfani ya cire layin wadda ake cin zarafinta a gida, da na 'ya'yan da ke hannunta, cikin kwanakin aiki 2 bayan ta nema da shaida, ba tare da tara ba.

Saboda haka in kina da 'ya ko ƙanwa a can, gaya mata ta tambaya tun ranar farko: da sunan wa aka buɗe asusun, nawa ne kasonta, wace rana ake biya, kuma yaya za ta fita da lambarta in ta so. Tambaya ba rashin kunya ba ce in an yi ta da ladabi. Ko a adashi ma, mace mai hankali takan san uwar adashi da ranar ɗaukarta kafin ta zuba.

Mu dawo gida. Tun Disamba 2020 gwamnatin Nijeriya ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma wanda lambarsa ke kan layi shi kamfani ya sani. Mata nawa ne a cikinmu suke riƙe da layin da maigida ko ɗan'uwa ya yi wa rajista da sunansa, alhali a nan saƙon banki da na cinikinsu yake shigowa? In wayar ta ɓace, sai da shi za a iya dawo da layin. 'Yar'uwa, nemi izinin maigida ki je ki yi rajista da sunanki, rigakafi ya fi magani. Ku kuma 'yan makaranta da ke amfani da layin iyaye, ku riƙe amana, kada ku sa su biyan abin da ba su ci ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.