Tiyatar Leza da Matsalar Gani Dishi-dishi

Da yawa daga cikinmu muna ƙanƙance ido kafin mu karanta allon talla, da dare kuma fitilun motoci su riƙa yi mana tartsatsi. Sau da yawa dalilin shi ne abin da likitoci ke kira astigmatizim. A gaban baƙin ido akwai wata fata mai kama da gilashi, ana ce mata koniya, ita ce ke tattara haske. Idan zagayenta ya daidaita kamar ƙwallo, gani yakan fito tas. Idan ta fi lanƙwasa ta gefe ɗaya kamar ƙwai, sai hasken ya rarrabu, na kusa da na nesa duka su yi dishi-dishi. Galibi da shi ake haihuwar mutum.

Tabarau yana gyara wannan daga waje. Leza kuwa, wato haske mai ƙarfi da kwamfuta ke sarrafawa, takan kankare ɗan abu kaɗan daga koniyar har siffarta ta daidaita. A nau'in da ake kira LASIK, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, ana ɗiga maganin kashe zafi, a ɗaga saman koniya, a yi aikin, a mayar. Mutum yana farke, kuma lezar kanta ba ta cika wuce minti ɗaya ba.

Sai dai ba kowane ido ne ya dace ba. Ana so mutum ya kai shekara 18, lambar tabaraunsa kuma ta yi shekara guda ba ta canza ba. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata. Wanda koniyarsa ta yi siriri ko ta fara tsini, tiyatar na iya ƙara lalata masa gani, shi ya sa gwajin kaurin koniya ya zama wajibi. Kada kuma mu ɗauka wannan tiyatar ce maganin yanar ido, ko za ta hana buƙatar tabarau na karatu bayan shekara 40.

Mu fara da cikakken gwaji a asibitin ido, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, mu tambayi likita ko idonmu zai ɗauka. Wanda aka yi wa aikin ya sani bushewar ido takan biyo baya na wasu watanni, ƙurar hunturu kuma tana tsananta ta. Ya riƙe maganin ɗigawa, ya daina murza ido, mata su jinkirta sa kwalli har sai likita ya ba da izini.