Shin Kotun Ƙoli ta daidaita gadon mace da namiji a Najeriya?

Tun shekarar 2014 ake ta yaɗa cewa Kotun Ƙolin Najeriya ta daidaita kason mace da na namiji a rabon gado, har da na Musulmi. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari.

Hukuncin da ake nufi shi ne na shari'ar Ukeje, wanda kotun ta yanke a watan Afrilun 2014. Wani magidanci ɗan ƙabilar Ibo ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, ya bar dukiya a Legas, sai aka nemi a cire 'yarsa daga cikin magada. Mai shari'a Bode Rhodes-Vivour ya bayyana cewa al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Abin da kotu ta rushe ke nan: hana 'ya mace gado ɗungurungum. Ba a kawo mata batun rabon da Suratun Nisa'i ta tsara ba, ba ta kuma ce komai a kansa ba. A Musulunci dama 'ya mace magajiya ce, matar mamaci ma tana da tumuni ko rubu'i. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin kuwa ya bar ƙararrakin gado da wasiyyar Musulmi a hannun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a jihohin da suke da ita.

Cewa majalisar tarayya ta yi dokar daidaita gado ma ba haka ba ne. Ƙudirin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi ya faɗi a Majalisar Dattawa a watan Maris na 2016, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito fili ya soki batun gadon da ke cikinsa, da aka sake kawo shi a 2021 kuma bai tsallake ba. Dokar gadon mata da Gwamna Nyesom Wike ya sa wa hannu a 2022 kuwa ta Jihar Ribas ce kaɗai.

Inda dokar boko ta taɓa gadon Musulmi da gaske shi ne fannin wasiyya, abin da masu jita-jita ba su cika ambata ba. Malikiyya ta taƙaita wasiyya ga sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Amma a shari'ar Adesubokan da Yinusa, a 1971, Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya rubuta wasiyyarsa bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, yana da ikon raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Hukuncin ya tayar da ƙura. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara da Oyo suka yi nasu dokokin da suka ɗaure wasiyyar Musulmi da ƙa'idojin shari'a. Saboda haka, kafin a ce wasiyyar Musulmi ta inganta ko ta ɓaci a gaban kotu, sai an duba dokar jihar da abin ya shafa.