Yadda tarewa a sabon gida ke sauya zumunci a birnin Kano

Da wuya mutum ya bi hanyar Zariya ko ta Gwarzo ko ta Katsina a ƙarshen mako bai ci karo da motar a-kori-kura ɗauke da gadaje da katifu da tukwane ta nufi bayan gari ba.

Galibi irin waɗannan kaya na iyalan da suka bar gidajen gado ne na cikin badala, ko kuma gidajen haya, za su tare a gidan da maigida ya shafe shekaru yana ginawa.

Rana ce ta farin ciki, domin a wurin Bahaushe mallakar muhalli na cikin abubuwan da ke cika mutuncin magidanci.

To amma bayan an sauke kaya an gama karɓar 'yan barka, iyalai da dama kan tarar cewa ziyarar da a da take zuwa da kanta, yanzu sai an shirya mata, an ware mata lokaci, an kuma kashe mata kuɗi.

Dalilan barin tsohuwar unguwa

Tsohon birnin Kano yana cikin ganuwar da tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya soma gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Unguwanni irin su Yakasai da Mandawari da Ƙofar Mata da Dala sun daɗe da cika, babu sauran filin da za a ƙara ɗaki.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa jihar Kano na da mutane fiye da miliyan 9, kuma kimanin miliyan 2.8 daga cikinsu suna zaune ne a ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka yi birnin da kewayensa.

Ban da cunkoso akwai rabon gado. Idan mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, sau da yawa babu yadda za a yi gidan ya rabu sai an sayar, kowa ya karɓi kasonsa ya nemi wuri. Haka kuma a kusa da manyan kasuwanni kamar Kantin Kwari, 'yan kasuwa kan sayi gidajen zama su mayar da su shaguna da ɗakunan ajiya.

Tun bayan dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, samun filotin gwamnati ba abu ne mai sauƙi ga talaka ba. Wannan ya sa akasarin jama'a ke sayen filayen da Kanawa ke kira awon igiya, wato gonakin da masu su suka yanka suka sayar, a wurare irin su Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri da Sheka.

Masu hali kuma kan nufi rukunin gidaje, tun daga tsofaffi irin na Kundila har zuwa Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda gwamnatin jihar ta gina tsakanin 2011 da 2015.

Makon farko

Kafin a kwana a sabon gida, al'ada ce a share shi, a turara shi, a kuma karanta Alƙur'ani a ciki. Da yawa kan zaɓi Suratul Baƙara, saboda hadisin da ya zo a Sahihu Muslim da ke nuna cewa shaiɗan na gudun gidan da ake karanta ta.

Wasu kan tara malamai a yi sauka, wasu kuma su taƙaita ga sadakar waina ko ƙosai da za a raba wa maƙwabta da almajirai. Littattafan fiƙihu ma sun san da wannan abinci: liyafar da ake yi bayan kammala gini suna kiranta wakira, kamar yadda ta aure take walima.

Maigida zai gabatar da kansa ga liman da mai unguwa. Uwargida kuma, ita da wata 'yar'uwarta, za su shiga gidajen da ke jere da nasu su gaisa da matan ciki, su sanar da su cewa sun yi sababbin maƙwabta.

Daga nan sai 'yan barka su soma zuwa. Dangin miji da na mata, da ƙawaye, da tsofaffin maƙwabta, kowa da abin da ya riƙo: tabarma ko darduma, buta, sabulu, kwanukan abinci, agogon bango. Za a zagaya da su ɗaki-ɗaki, su sa albarka, su yi addu'ar Allah ya sa gidan zama ne, ya kuma haɗa su da maƙwabta na gari.

Waɗannan kyaututtuka ba a banza suke ba. Uwargida na riƙe da lissafin wadda ta zo da wadda ba ta zo ba, da abin da kowa ta kawo, domin wata rana ita ma za ta rama. Wannan tsari na biki tsakanin mata ya daɗe. Yana cikin abubuwan da Baba ta Karo ta bayyana a tarihin rayuwarta, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954.

Makonni biyu ko uku gidan zai yi ta cika yana batsewa. Sannan ƙafa ta ɗauke.

Daga zaure zuwa falo

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne fasalin gidan kansa ya sauya.

A ginin gargajiya, zaure ne ke fuskantar hanya, kuma kusan kullum a buɗe yake. A nan maigida ke zama, a nan yake cin abinci da abokansa, a nan baƙo namiji zai tsaya ya yi sallama a aika yaro ciki. Daga zaure sai shigifa, sannan tsakar gida, inda mata ke aikace-aikacensu ba tare da idon wani namiji na waje ba.

Wannan tsari ya sa gida ɗaya yana iya zama a buɗe ga jama'a, kuma a rufe ga wanda ba muharrami ba, duka a lokaci guda.

Sabon gida kuwa katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe, sai a wuce kai tsaye zuwa falo. Idan falon ɗaya ne, to zuwan baƙo namiji na nufin matan gidan su tattara su koma ɗaki har ya tafi. Shi ya sa masu ƙarfi ke yin falo biyu, na maigida da ƙofarsa ta waje, wanda a zahiri zauren ne ya dawo da wani suna.

Ƙofar da ke rufe ta haifar da wata sabuwar ɗabi'a, wato a buga waya kafin a zo. Tun bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001 wannan ya zama ruwan dare a tsakanin ma'aikata da 'yan boko, amma har yanzu akwai dattawan da ke ganin cin fuska ne a ce sai sun nemi izini kafin su je gidan ɗansu ko ƙanensu.

Masu goyon bayan sabuwar ɗabi'ar kan kafa hujja da aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur, waɗanda suka yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, da kuma komawa idan an ce a koma. Dattawan kuma kan ce sallama a ƙofar gida ita ce neman izinin da aka sani, ba a ce sai an yi alƙawari tun jiya ba.

Mata ne suka fi ji a jika

Namiji bai cika rabuwa da tsohuwar unguwarsa ba. Kullum zai fita kasuwa ko ofis, ya biya ya gai da mahaifiya, ya zauna a majalisarsu ta da, sai dare ya koma gida. Matarsa ce ke wuni a sabon wurin.

A cikin gari, matar aure ko da ba ta fita, ba ta rasa mutane. Akwai facaloli da surukai a sassan gidan, akwai maƙwabciyar da za a yi magana da ita ta kan katanga, akwai ciyayya, inda kwanon tuwo ke fita wani ya shigo. Aron turmi ko rariya ko ɗan gishiri kansa wata hanya ce ta gaisawa. Idan kuma za a je unguwa, bayan magariba za a yafa mayafi a tafi da 'yar rakiya, a dawo kafin a rufe gida.

Yara ne ke haɗa waɗannan gidaje. Binciken da Enid Schildkrout, wata masaniyar halayyar al'umma daga Amurka, ta gudanar a Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda matan kulle suka dogara da yara wajen aike da talla da cefane da isar da saƙo. Ta wannan hanya mace ke gudanar da sana'arta da huldarta ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

A sabuwar unguwa wannan igiya kan tsinke. Gidaje a warwatse suke, tsakaninsu kangwaye ne da filayen da ba a gina ba, kuma iyaye na tsoron sakin yara saboda labaran satar mutane. Mai sayar da ɗanwake ko ƙuli-ƙuli ta bar masu sayenta a baya, mai adashi ta yi nisa da uwar adashi.

Lamarin ya fi tsanani lokacin haihuwa ko rashin lafiya. Matar da a da tsofaffin gida ke dafa mata ruwan wankan jego suna kula da jaririnta, yanzu sai dai a ɗauko mata wata tsohuwa daga cikin dangi ta zauna da ita har arba'in, ko kuma ita ta koma gidan iyayenta.

Su ma tsofaffi abin na taɓa su. Ba kasafai uwa ke yarda ta bi ɗanta sabon gida ba, komai kyansa, domin a tsohuwar unguwa ne take da abokan hira da masu leƙo ta safe da yamma.

Kuɗin mota

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Sai dai daga Mandawari zuwa Mariri ba tafiyar ƙafa ba ce.

A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana sana'ar acaɓa, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Daga nan adaidaita-sahu ta zama babbar hanyar zirga-zirga a birnin, kuma matar da ke da yara huɗu ko biyar sai ta ɗauki shata.

Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a jihohin arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura naira 1,000 a wurare da dama.

Sakamakon haka, leƙawa ta minti goma ta koma wuni. Mace za ta tara buƙatunta, gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa da dubiya, ta fita da safe ta zagaya su duka a rana ɗaya. Wanda aka kai wa ziyara ma akwai nauyi a kansa, saboda al'ada ta tanadi a ba baƙuwa kuɗin mota idan za ta tafi.

Da yawa sun koma gaisawa ta waya da zaurukan dangi na WhatsApp. Hakan ya sa labari na saurin isa, amma har yanzu wanda ya yi ta'aziyya ta waya alhali yana cikin gari ba a ɗaukarsa ya yi gaisuwa.

Abin da aka samu

Duk da haka, kaɗan ne daga cikin waɗanda suka tare a gidan kansu ke fatan komawa.

Zaman babban gida yana da nasa ciwon, kamar yadda karin magana ya nuna cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Rigimar yara da ke zama ta manya, da layin banɗaki, da sa ido a kan tukunyar wani, duk mace kan huta da su a gidanta. Wasu 'yan'uwan ma sai bayan sun rabu suke soma ganin girman juna.

Sannan sabuwar unguwa kan ƙulla nata zumuncin, ko da yake ta wata hanya dabam. Yawancin unguwannin awon igiya ba su da ruwan famfo ko magudanan ruwa ko titi, don haka matsala ce ke fara tara magidanta: karo-karon sayen taransifoma, haƙa rijiyar burtsatse, biyan 'yan sintiri, gina masallaci da Islamiyya.

A irin wannan zama ne mutumin Gwale da na Fagge da wanda ya zo daga Gaya ko Katsina suke sanin juna. Mata kuma kan haɗu a makarantar Islamiyya ta matan aure, ko a sunan farko da aka yi a layin.

Malamai kan tunatar da cewa haƙƙin maƙwabci bai dogara da dangantaka ko daɗewa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya game da maƙwabci, har ya zaci za a ba shi gado.

Gidan gado

Domin kada dangi su watse, iyalai da yawa sun tsayar da ranakun haɗuwa. Wasu duk Juma'a bayan masallaci 'ya'ya da jikoki ke taruwa wurin tsohuwa. Wasu sun kafa taron dangi na wata-wata da ke zagayawa gida-gida, ana tara kuɗin taimakon juna. A lokacin Sallah kuwa, yawon gaisuwa kan kai yara gidajen da ba su taka ba tun bara.

Akasarin waɗannan haɗuwa sun rataya ne a kan abu biyu: dattijo ko dattijuwar da ke raye, da kuma tsohon gidan da kowa ya san hanyarsa.

Shi ya sa idan maganar rabon gado ta taso, a wasu dangogin ake samun masu neman a bar ko da zaure da ɗaki ɗaya ba a sayar ba, ko kuma ɗaya daga cikin magada ya biya sauran ya riƙe gidan. Inda hakan bai yiwu ba, yakan faɗa kan babban wa ko babbar ya su buɗe ƙofar sabon gidansu, domin jikokin da aka haifa a Ɗanbare da waɗanda aka haifa a Hotoro su tashi sun san juna.