Ɗan Tsinken da Ke Gane Ƙwayar Gado, da Batun Sikila

A shekarar 2000 masana a Suwizalan suka gwada wani ɗan tsinken silikon da bai kai kaurin gashi ba. Ana manna masa zaren DNA a gefe guda. Da zarar zaren ya gamu da wanda ya dace da shi, sai tsinken ya lanƙwasa, hasken leza ya auna.

Har yanzu na'urar tana ɗakin bincike, amma mu a Handsworth sikila ba ta jira. NHS na ɗibar jinin jariri a dunduniya a kwana na 5, kyauta. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki ana iya haifar SS, ɗaya cikin huɗu. Iyayenmu, kafin a sa rana, a tura yaran wurin GP su nemi gwaji.