Babi na Bakwai: Taurin Bayan Gida da Darajar Tsugunno

Duk wanda ya taɓa hawa bayan mota daga Agadas zuwa Tamanrasset ya san wata damuwa da ba a faɗarta a zaure. Ka bi ta Arlit, ka wuce Assamaka, ka tsallaka In Gezam, sannan ga sauran tafiyar kusan kilomita 400 kafin ka hango duwatsun Ahaggar. Ruwan jarka da lissafi ake shansa. Guzuri kuwa burodi ne da sardin da shayi. In ciki ya motsa direba ba zai tsaya ba, in ma ya tsaya fili ne fetal, babu ko ɗan dutsen da mutum zai raɓa, ga idon jama'a. Sai ka danne. Ka danne yau, ka danne gobe, ranar da ka sauka gari cikin ya daina kira gaba ɗaya. 'Yan Damagaram da Maraɗi da Tawa masu aikin gini da ƙananan sana'o'i a garin sun san wannan sarai, kuma ga da yawansu abin ba ya ƙarewa da ƙarewar tafiya.

Abin da babin nan ya shafa shi ne taurin bayan gida irin wanda likita zai duba hanji ya ga babu ƙari, babu toshewa, babu wata cuta. Kayan aiki lafiya lau, aikin ne ya rikice. Likitocin ciki suna da ma'auni da suke kira ƙa'idojin Rum, wanda bugu na huɗu ya fito a 2016. Ga shi a dunƙule: mutum ya yi wata uku yana fama da aƙalla biyu daga cikin yawan yunƙuri, kashi mai tauri kamar na tumaki, jin bai gama ba, jin kamar an toshe hanya, taimakawa da yatsa, ko zagayawa ƙasa da sau uku a mako. Shi ke nan, ba sai mun tsawaita ba.

Amma a lura da na ƙarshen: ƙasa da sau uku a mako. Na gaji da jin mutane suna cewa wai duk wanda rana ta faɗi bai zagaya ba, datti ya taru a cikinsa, zai shiga jini, zai hau kai. Wa ya aiko wannan doka? Lafiyayyun mutane suna zagayawa tsakanin sau uku a rana zuwa sau uku a mako, kowa da agogonsa. Wannan tsoron dattin ciki ma ba mu kaɗai ya taɓa ruɗawa ba. A farkon ƙarni na 20 akwai wani babban likitan tiyata a asibitin Guy's na Landan, Arbuthnot Lane, wanda ya yi imani kashin da ya daɗe a ciki yana sa wa jiki guba, har ya riƙa yanke babban hanjin mutane yana cirewa don ya raba su da gajiya da ciwon kai. Daga baya likitoci suka yi watsi da zancen. Ingila ta bar shi shekara ɗari da suka wuce, mu kuma har yau mai lasifika na tsaye a bakin kasuwa yana sayar da shi a galan, da sunan maganin basir da wankin ciki. A wurinsa ciwon baya basir ne, kasala basir ce, raunin mazakuta ma basir ne. Alhali basir na gaskiya, wato kumburin jijiyoyin jini na dubura, sau da yawa yunƙurin da mutum ke yi ne ke tayar da shi.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na rubuta babin nan, abin da kusan babu mai magana a kansa.

A ƙasan mara akwai shimfiɗar tsokoki da ke tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji. Ɗaya daga cikinsu ta taso daga ƙashin mara, ta zagaya ta bayan ƙarshen hanji, ta dawo inda ta fito, kamar igiyar da aka zarga a wuyan salka. Dare da rana tana jan hanjin gaba, ta lanƙwasa shi yadda ake lanƙwasa tiyo ruwa ya tsaya. Ita ce ke rufa mana asiri a kasuwa da masallaci, ba mu ma san tana yi ba. In lokacin zagayawa ya yi, aikinta ɗaya ne, ta saki. Tana saki lanƙwasar ta miƙe, ciki ya ɗan tura, magana ta ƙare.

To, akwai mutanen da tsokar nan ta koyi akasin haka. Suna yunƙurawa, ita kuma tana ƙara ɗaurewa. Likitoci biyu na asibitin St Mark's da ke Landan, Preston da Lennard-Jones, suka bayyana wannan a 1985, kuma daga baya aka gano cewa cikin masu zuwa manyan asibitoci da tsohon taurin bayan gida, kusan ɗaya cikin uku wannan ce matsalarsu. Ta yaya tsoka ke koyon haka? Da dannewa irin ta bayan mota, da tsoron zafin tsagewar dubura, da ƙyamar masai mai ƙazanta tun a makaranta. Irin wannan mutum ko ganga guda ta maganin wankin ciki ka ɗura masa, jaki kake duka alhali ƙofar garke a kulle take. Cikin zai murɗa, ruwa-ruwa zai fita, jibi a koma gidan jiya.

Ga inda tsugunno ya shigo. In mutum ya tsuguna, cinyoyi suka matso ciki, igiyar nan tana sassautawa, lanƙwasar ta buɗe da kanta. In ya zauna kan masai na kujera kamar mai jiran a kawo masa tuwo, lanƙwasar ba ta gama miƙewa. Wani likita a Isra'ila mai suna Dov Sikirov ya yi wani gwaji da nake matuƙar so saboda sauƙinsa, ya wallafa shi a 2003. Ba na'ura, ba allura. Mutum 28 masu lafiya ya samu, ya ce kowa ya riƙe agogo ya auna daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya ji ya gama, a zaune kan masai mai tsayi, a zaune kan gajere, da kuma a tsugune, kowanne sau shida. A kan masai mai tsayi matsakaicin lokaci ya kai daƙiƙa 130. A tsugune, 51. Kuma mutanen suka ce yunƙurin ya fi sauƙi. Ka ji fa, abin da kakanninmu ke yi a bayan gari da buta a hannu, sai da aka sa masa agogo kafin ya yi daraja. Yanzu a Amurka ana sayar da ɗan matashin ƙafa na roba da ake sawa a gaban masai don a kwaikwayi tsugunno, mu kuma muna fasa salga muna girka kujera don kada baƙo ya raina gida.

Wani dattijo da na sani, magini ne, ya yi shekaru a Tamanrasset. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma gadin wani gida da babu masai sai na kujera. Ya ce da ni, "Ɗana, tun da na fara hawa kujerar nan cikina ya yi yaji. Na sha filasko har na fara ganin jiri." Na ce, "Baba, da ƙafarka tana taka ƙasa sosai in ka zauna?" Ya ce da ƙyar, don gajere ne. Abin da ya cece shi wani ma'aikacin lafiya ne da ya ce masa ya nemo bulo biyu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kowanne, gwiwa ta fi ƙugu tsayi, ya sunkuyo ya dafa gwiwoyi da gwiwar hannu, kuma ya daina riƙe numfashi. Ya yi dariya ya ce, "Shekara talatin ina ɗaukar bulo, ban san magani nake ɗauka ba." Da bulo biyu aka yi bikon cikin nan.

Kada wani ya ce na ce tsugunno maganin kowa ne. Akwai masu tsugunno tun haihuwa da suke fama, kuma tsoho mai ciwon gwiwa kujera ce rahamarsa, sai dai ya ɗaga ƙafa. Sauran dabarar a numfashi take. Kada ka cije, ka kumbura fuska, jijiyar wuya ta tashi. Ka saki ciki ya bultso gaba, ka riƙa fitar da iska a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. Minti biyar in babu labari, tashi ka tafi harkarka. Waya kuma a bar ta a ɗaki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne jim kaɗan bayan karin kumallo, domin shigar abinci tumbi na tayar da babban hanji.

Wanda duk wannan bai ishe shi ba, aikin likitan motsa jiki ne, wanda a Kano ake ce wa likitan gashi, a Nijar da Aljeriya kuma kine. Mutane sun ɗauka aikinsa shanyewar ɓarin jiki ne da karaya kawai. Akwai waɗanda suka ƙware a tsokokin ƙasan mara. Gwajin farko mai arha ne: ɗan balan-balan da aka zuba wa ruwa mililita 50, a sa a dubura, a ga ko mutum zai iya fitar da shi cikin kamar minti ɗaya. In ya kasa sai horo, wanda ake kira bayofidbak. Ana sa ɗan ƙaramin ma'auni a dubura, a haɗa shi da allon kwamfuta, mutum ya ga da idonsa layin yana hawa in tsokar ta ɗaure, yana sauka in ta saki. Gani ya kori ji. Abin da ya yi shekaru yana yi bai sani ba, ga shi ƙuru-ƙuru a gabansa, sai ya koyi kwancewa. A Italiya, Chiarioni da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2006 kan mutum 109 masu irin wannan matsala. Rabi aka yi musu horo sau biyar, mako-mako, rabi aka ba su maganin sassauta ciki. Bayan wata shida kashi 80 cikin ɗari na masu horo sun samu sauƙi sosai, masu shan magani kashi 22. Na'urar dai ta manyan asibitoci ce, amma koyar da zama da numfashi da sakin tsoka ba ya buƙatar lantarki.

Tausar ciki ma tana cikin aikinsu. Ana bin hanyar hanji ne: daga ƙasan dama, a hau zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, a ratsa zuwa hagu, a gangara, kamar minti goma. Tana rage kumburi da ciwo ga wasu. Mai juna biyu, da mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su bar ta.

Batun abinci kowa ya sani, ba zan ɓata takarda ba. Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki a Yuganda, shi ya riƙa auna nauyin kashin mutanen karkarar Afirka da na Turawan Ingila, ya ga na farkon ya ninka na biyun sau da yawa, ya ɗora dalilin a kan dusa. Gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba, wake, kuka, kuɓewa, zogale, rama. Bahaushen da ya bar waɗannan ya koma farin burodi da taliya a Tamanrasset ya yi asara, amma dabino na nan birjik a kasuwar Assihar. A ƙara cin dusar da kaɗan-kaɗan, in ba haka ba iska ta cika ciki. Wanda ƙofarsa ke kulle kuwa, yawan dusa kumburi kawai zai ƙara masa.

Ruwa fa? Ga mai shan abin da ya ishe shi, ƙarin jarka ba ya sassauta komai, fitsari kawai zai yawaita. Sai dai Tamanrasset daban ce. Gari ne da ke sama da mita 1,300 a tsakiyar Sahara, iska busasshiya, gumi na bushewa kafin ka gan shi. Ruwan garin ma daga In Salah ake turo shi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 750, aikin da aka buɗe a 2011. Lebura a irin wannan wuri yana iya bushewa bai ji ƙishirwa sosai ba, kuma babban hanji aikinsa tsotse ruwa, in jiki ya rasa sai ya matse kashin tas. Ƙananan kofunan shayi uku na Abzinawa ba sa maye gurbin ruwa. A duba fitsari, in ya yi ja-ja a ƙara sha.

Filasko ba guba ba ne, kuma yana aiki. Da ganyen danginsa ake yin ƙwayar sena ta kantin magani. Aibin tafasa shi a tukunya shi ne babu awo, yau ya yi daidai, gobe ya kwashe maka ruwan jiki da gishirinsa. In dole sai magani, akwai masu taushi irin su makrogol da laktulos da ke jawo ruwa cikin hanji, a tambayi likita. Wanda kuma ke haɗiyar tiramol don ya jure aikin gini ko haƙar zinariya, ko mai shan kodin, kada ya wahalar da kansa neman dalili, waɗannan suna kwantar da hanji ne kai tsaye. Ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu ma tana taurara ciki, amma ita ba a daina ta sai da izinin ungozomar asibiti.

Duk abin da na faɗa na wanda hanjinsa ke lafiya ne. In ka ga jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko ciki ya kumbura da amai har tusa ta ƙi fita, ko kuwa ka haura shekara 50 cikinka ya sauya hali kwatsam, ajiye bulo da filasko ka tafi asibiti a duba ka, kuma ka faɗa wa likita komai ba kunya.