Shirun Ɗan Makaranta Ba Kullum Ne Haƙuri Ba

Kwanan baya ina rangadin makarantu na sauka wata firamare, sai malamin aji biyar ya nuna mini wani yaro, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan malalaci ne. Duk ranar lissafi sai ya ce cikinsa na ciwo, in an sallame shi kuwa, kafin azahar ya warke." Ya ce ya yi bulala har ya gaji. Da na duba littafin yaron, sai na tarar tun daga rabawa lissafi ya kakare masa, kunya kuwa ta hana shi faɗi.

Abin da malamin bai lura ba shi ne, ciwon nan ba ƙarya ba ne. Sa'ad da tsoro ya kama mutum, jiki ya kan saki wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin, zuciya ta yi ta bugawa, jini ya karkata ga damatsa da cinyoyi, ciki ya murɗa. Tarkon kuwa ga shi: da an sallami yaro sai ya ji sanyi a ransa, sanyin nan shi ke koya masa gudu. Ya tsere wa lissafi yau, gobe tsoron ya ƙaru, gama an wuce shi da darasi guda.

A 1984 waɗansu masana biyu na Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, suka rarrabe hanyoyin jure wa damuwa gida biyu, watau gyara abin da ya jawo ta, da kwantar da zuciya in abin ba ya gyaruwa. Ni dai ma'aunina guda ne: dabarar da yaro ya kama, za ta rage masa kayan gobe ko za ta ƙara?

Masu ƙarawa mun san su. Wani ya huce haushinsa a kan ƙanana, wani ya saci amsa, wani ya faɗa shaƙar sholisho ko shan maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018. Amma wadda ta fi ruɗinmu ita ce shiru, domin mu kan yaba ta. Mu ce wance akwai kunya, wane akwai haƙuri, alhali kuwa haƙuri daban, haɗiye baƙin ciki daban. Labarin zuciya a tambayi fuska. In yaro ya daina wasa, yana rama, yana gyangyaɗi a aji, ko fitsarin kwance ya dawo masa a makarantar kwana, to, a jawo shi gefe a tambaye shi a hankali, ba gaban 'yan'uwansa ba. In kuwa ya ambaci cutar da kansa, lalle a gaya wa iyayensa a kai shi ga likita a ranar.

Ku malamai, da ku akawuna masu 'ya'ya a makaranta, dabarun kirki koya su a ke yi kamar alifiya. A koya wa yaro ya kira abin da ke damunsa da sunansa, tsoro ne ko fushi. Ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali, sau biyar, zuciya za ta lafa. Kada a hana shi langa ko ƙwallo da sunan horo. Ya sami barci kuma, gama ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar sa'a 9 zuwa 12.

Yaron nan kuwa, na roƙi malaminsa ya ajiye bulala, ya riƙa ba shi lissafi uku masu sauƙi kowace safiya kafin a shiga aji. Da na koma bayan zango guda, na tarar bai zama na ɗaya ba, har yanzu cikin ya kan taɓa shi jefi-jefi, amma yana ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban gane ba."